Sunan Yaya

Kawunan kekunan ɗinki ne jere a kan kanta, baƙaƙe, kowanne ya sunkuyar da wuya kamar ɗalibin da aka kama yana satar amsa. A ƙarƙashinsu Yaya yake zaune a kan ɗan benci, ya kara kunnensa a jikin wani keke yana juya hannunsa a hankali, idanunsa a rufe. Haka yake aiki tun ƙanwarsa Auta tana ƙarama: sai ya saurari ciwon kafin ya ɗauki sukudireba.

Auta ta daɗe a bakin shagon ba ta yi sallama ba. Farin allin da ta yini tana rubutu da shi yana nan a yatsunta, tana ta goge shi da gefen mayafinta.

"Idan kin gama gadin ƙofar ki shigo," in ji shi, bai buɗe ido ba. "Kin tare mini haske, Malama."

Malama yake ce mata idan tsokana ta motsa masa. Ta yi sallama ta shiga, ta zauna a kan akwatin katakon da take zama a kai tun tana firamare, lokacin da take yin aikin gida a nan tana jiran ya tashi su tafi tare. Warin man keke bai canza ba.

"Mai wannan ya rantse mini aljanu ne a ciki," in ji Yaya. "Na ce masa lallai akwai aljani, sunansa rowar mai."

Auta ta yi dariya, dariyar ta fi ƙarfin zancen. Ita kanta ta ji hakan, sai ta katse ta.

"Yaya, gobe da safe kana da aiki?"

"Aiki ai ba ya ƙarewa, sai dai mai yinsa ya ƙare. Lafiya?"

"Kotu za ka raka ni. An ce akwai wani sa hannu da za a sabunta. Ni da kai."

Hannunsa ya tsaya a kan keken.

"Zaman namu ai sai wata mai kamawa."

"Wannan daban ne. Ba zai ɗauki lokaci ba."

Sai a lokacin ya buɗe ido ya dube ta. Ita kuwa ta sami abin kallo a ƙasa, cikin guntayen ƙyalle da karyayyun allurai. Ya jawo wani ƙyalle ya sa a ƙarƙashin allura, ya ɗinka layi guda, ya ɗaga shi a haske.

"Dubi nan. Ta sama sai ki ce ɗinki ya yi kyau." Ya juya ƙyallen. "Ta ƙasa kuwa ga harɗewa. Zaren sama yana ja, na ƙasa ya saki." Ya ɗan murɗa wani ƙaramin noti, ya sake ɗinkawa, ya gyaɗa kai. "To, Allah Ya kai mu goben. Ni zan biyo miki."

Ta tashi ta fita.

Abin ya faro ne daga wani mutum mai tsabtar tufafi da ya kawo wa Yaya kekuna gyara, ya ce na makarantar matarsa ne. Kafin a gama gyaran sai ga 'yan sanda. Ashe daga wata cibiyar koyar da ɗinki aka sato su. Mai tsabtar tufafi ya yi ɓatan dabo, kekuna kuwa a shagon Yaya aka same su, tsuntsun da ya ja ruwa ya tsere ya bar wani a cikin ruwan. Aka tsare Yaya, daga baya alƙali ya ba da beli, amma da sharaɗi: sai wanda ke da tsayayyen aiki ya tsaya masa, ya kuma ajiye takardar gida.

Duk dangi Auta ce kaɗai mai albashi. Takardar gida kuwa ta mijinta ce, gidan gadon da suke ciki. Ya miƙa mata ita ba tare da ta roƙa sau biyu ba.

Ranar nan komai ya zo da sauƙi. A ofishin magatakardan kotu aka yi, ba a gaban jama'a ba. Magatakarda ya karanta wani suna mai gaɓa uku, ya ɗago ya ce, "Kin san shi?" Saura kaɗan ta ce wane ne. Yaya ɗan fari ne, Inna ba ta taɓa kama sunansa ba. "Wannan" take cewa, ko "yayanku". Su ma suka tashi a haka. Da mahaifinsu ya rasu ya ɗauki gidan a kansa, sai sunan ya ƙara nutsewa, har tsofaffin telolin layin da suka haife shi Yaya suke ce masa. Auta a katin sakamakon jarrabawarta ta fara ganin sunan, inda yake sa hannu a gurbin uba. Ta karanta shi da ido, kamar yadda ake karanta abin da ba a so a kama mutum yana karantawa. Bai taɓa bi ta bakinta ba.

Ta ce wa magatakarda eh, ta san shi. Ya ce ta yarda za ta kawo shi duk ranar da aka neme shi? Ta ce eh. Ta sa hannu. Da suka dawo gida Inna ta riƙe kanta tana sa mata albarka, maƙwabta suna cewa ɗan'uwa rabin jiki, ilimin 'ya mace ya yi rana. Auta ta ji daɗin ranar nan fiye da ranar da ta karɓi shaidar malanta.

Sai shari'a ta zama tafiyar hawainiya. Yau mai gabatar da ƙara ba shi da lafiya, gobe shaida bai zo ba. A cikin haka ne aka yi wani zama Yaya bai halarta ba. Ya tafi ƙauye gyara, ruwa ya cinye hanya, motarsu ta kwana a laka.

Masinjan kotu bai tashi kawo sammaci ba sai lokacin hutun tara, ɗakin malamai a cike. Ya tsaya a ƙofa ya kira sunanta da muryar masu shela, ya ƙara da cewa, "mai tsaya wa wanda ake tuhuma da karɓar kayan sata." Cokulan da ke juya shayi suka tsaya. Ta taka daga kujerarta zuwa ƙofa, tazarar da ba ta kai tsawon allo ba, amma ta ji kamar ta ratsa kasuwa babu mayafi.

Kashegari malamar lissafi ta dafa kafaɗarta cikin fara'a. "Ni fa kekena ya lalace, amma ina tsoron in kai shi gyara ya yi abokan banza."

Aka yi dariya. Auta ma ta yi. Wannan dariyar ce ta fi tsaya mata a rai.

Yaya ya bayyana gaban alƙali da lakar hanya a ƙafar wandonsa, ya ba da haƙuri. Alƙali ya karɓa, amma ya dubi Auta ya ce idan aka sake, gidan da aka ajiye takardarsa zai amsa tambaya. Maganar ta fita daga kotu da ƙafarta, ta je kunnen dangin mijinta.

Mijin nata ba mai faɗa ba ne, da ma faɗan ya yi da ta sami abin riƙewa. Yana ɗaura agogo zai tafi kantin maganin da yake aiki ya ce, "Ni fa ban ce ki yi komai ba. Gwaggo ce ta sake kirana. Ta ce gidan nan ba nawa ba ne ni kaɗai, akwai marayu a ciki."

"Ai ba gudu ya yi ba. Ruwa ne."

"Na sani. Damina kuwa ba ta ƙare ba." Ya ɗauki makullinsa. "Ki dai yi magana da yayanki."

Yayanki. Tun da suka yi aure Yaya yake cewa, kamar kowa.

Da a ce mijin ne kawai, ko Gwaggo, ko malamar lissafi, da Auta ta san wanda za ta ɗora wa laifi. Amma ita ta san abin da ya shiga zuciyarta. Idan ta kira wayar Yaya ta ji ta a kashe sai ta yi ta sake kira. Idan ta biya ta shago ta tarar da shi a rufe sai ta hau tambayar maƙwabta, da muryar da ba ta ƙanwa ba. Ran nan ta ga sabuwar jaka a ɗakinsa, ta faki idon Inna ta zuge ta. Kayan gyara ne a ciki. Ta mayar da zif ɗin a hankali, kunnuwanta suna zafi, kamar jakar za ta kai ƙararta.

Shi ya sa wata ranar Laraba ta nemi izini a makaranta ta koma ofishin magatakarda. Dattijo ne mai tabarau ɗaure da zare, ya saurare ta yana neman murfin bironsa.

"Wanda ya tsaya wa mutum," in ji ta, "idan yana so ya, wato, idan wani uzuri ya taso masa..."

"Kina so ki zare hannunki."

"Tambaya dai nake yi."

"Kowa tambaya yake yi, Malama. Ƙofa uku ce. Ta farko, shari'a ta ƙare. Wannan sai ki bar wa jikokinki wasiyya. Ta biyu, Allah Ya karɓi ran ɗayanku. Ba na yi muku fata. Ta uku, ki zo da shi gaban alƙali ki ce kin janye. Babu mai hana ki, haƙƙinki ne."

"Daga nan fa?"

"Daga nan ki karɓi takardarki ki tafi gida ki sha ruwa mai sanyi. Shi kuma ya koma inda kika ɗauko shi, har a sami wanda zai maye gurbinki."

"Ba za a iya yi a rubuce ba? Ba sai yana wurin ba?"

Magatakarda ya sami murfin biron a aljihunsa, ya dube ta ta saman tabarau. "Wannan ma kowa yana tambaya. Hannu da hannu aka ba ki shi, hannu da hannu za ki mayar."

Ta yi ƙoƙarin neman madadi, Allah Ya sani ta yi. Kawu ya ce shi da kotu ko a mafarki ba sa gaisawa, ga kuma ciwon gwiwa. Shugaban telolin layin ya dafe ƙirji ya ce wallahi da jiya ta zo, don takardar gidansa tana hannun wani. Wani abokin Yaya na ƙuruciya ya yi ta yabon Yaya har ya yi ƙwalla, sannan ya raka ta bakin titi. Kowa ya roƙe ta kada ta gaya wa Yaya ta zo. Ita ma abin da ta zo roƙonsu ke nan.

Da safe Yaya ya riga ta shiri. Tana ɗaura ɗankwali ta ji sallamarsa a tsakar gida, yana tsokanar mijinta wai masu sayar da magani ba sa yi wa kowa fatan lafiya. Mijin ya yi 'yar dariya, ya tuna yana da sauri, ya fice.

Ta fito ta gaishe shi, idonta a ƙasa, don haka ƙafafunsa ta fara gani. Silifas ne na roba, irin na shiga banɗaki. Yaya kuwa ko sayen mai zai je sai ya sa baƙaƙen takalmansa masu igiya, ya goge su har su yi ƙyalli. Ya sha gaya mata cewa takalmin mutum ake fara gaisarwa kafin fuskarsa.

"Yaya, ina takalmanka?"

"Sun gaji, na ba su hutu. Mu je kada rana ta yi."

A motar haya suka zauna a baya, kafaɗa da kafaɗa. Ana zafi, amma riga biyu ce a jikinsa, wuyan ta ciki yana leƙowa. Inda agogonsa yake zama fatar ta yi fari, zagaye kamar tabon ƙuna. Aljihun gabansa ya ɗan kumbura, kan buroshin haƙori yana leƙe. Auta ta ga wannan duka. Ta mayar da fuskarta taga tana karanta allunan shaguna ɗaya bayan ɗaya, har da lambobin wayarsu, kamar za a yi mata jarrabawa a kansu.

Shi kuwa hira yake da direba a kan ƙarar da injin yake yi. "Wannan ba tsufa ba ne, bel ne ya saki. Ka ɗaure shi kafin ya kunyata ka a gaban fasinja."

Aka sauke su a tsallaken kotun. Titi ne mai faɗi, motoci ba sa raga wa kowa. Auta ta ji maganar ta taso mata daga ciki har maƙogwaro. Za ta ce su koma. Za ta ce ta yi ƙarya, babu wani sa hannu. Ta sa ƙafa a kwalta tana cewa, "Yaya, ni fa..."

"Tsaya!"

Ya cafke wuyan hannunta ya fizgo ta baya. Wata babbar mota ta wuce, iskarta ta ɗaga mayafinta. Bai saki hannun ba. Haka ya riƙe ta har suka tsallaka, shi a ɓangaren da motoci ke tahowa, yadda yake yi da ita a hanyar makaranta tana rungume da jakar littattafai.

"Me kike cewa?" ya tambaya da suka hau dakali.

"Ba komai."

Ta ji wani sanyi a ranta da motar ta katse ta, sai kuma kunyar sanyin ta rufe ta.

Ɗakin shari'ar ya cika da masu jiran a kira su. Suka sami gefen benci. Fankar sama tana juyawa tana kuka, Yaya ya karkata kai yana saurare.

"Ɗigo biyu na mai," ya raɗa mata. "Da sun ba ni tsani da na gyara musu."

Aka yi shari'ar wasu maƙwabta a kan katanga, aka ɗage. Aka yi ta wani mai babur, aka ɗage. Sannan magatakarda ya kira lambar ƙararsu, ya karanta sunan nan mai gaɓa uku. Yaya ya tashi ya shiga akwatin katako, silifas ɗinsa suna tafi a siminti.

"Mai tsayawa ta taso," in ji magatakarda.

Alƙalin mura yake yi, da hankici a hannunsa. Ya duba takardun gabansa ya dube ta. "An ce kina da buƙata."

"Eh, ranka ya daɗe."

"Ɗaga murya. Fankar nan ta fi ki baki."

"Ina so in janye, ranka ya daɗe."

Ba ta dubi akwatin ba. Ta kafa idonta a kan wani tsagin da ke jikin teburin magatakarda.

"Doka ba ta tilasta miki faɗin dalili ba," in ji alƙali, "amma ina so in sani don kaina. Ya yi yunƙurin gudu ne?"

"A'a."

"Ya yi miki barazana?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"To mene ne?"

Ta nemi dalilin da ta kwana tana shiryawa, mai kalmomi masu kyau, ta tarar babu ko ɗaya. Gidan marayu, damina, ɗakin malamai, jakar da ta zuge. Wanne za ta ɗaga a gaban mutumin da ya sayar da kekensa na hawa ya biya mata kuɗin jarrabawa? Wani a baya ya yi gyaran murya.

"Ranka ya daɗe, a ba ni izini."

Muryar Yaya ce, a natse, irin wadda yake yi wa mai keke bayani.

"Ni na ce ta janye. Gidan na marayu ne, ni kuma aikina na yawo ne, yau ina nan gobe ina ƙauye. Na ga bai kamata in riƙa kwana da gidan mutane a aljihuna ba. Ta ƙi, na matsa mata. Yarinya ce mai jin magana."

Alƙali ya dube shi, ya dube ta, ya share hanci. Ya daɗe a kujerar nan, ya san ɗinki ta sama ya san shi ta ƙasa.

"Haka ne, Malama?"

Ga ƙofa a buɗe. Tana iya cewa ba haka ba ne. Tana iya cewa ta fasa, a mayar da takarda inda take. Amma idan ta ce ba haka ba ne ta ƙaryata Yaya a gaban alƙali. Da wannan ta lallashi kanta, ta kuma san lallashi ne.

"Haka ne," in ji ta.

"To. Kin fahimci cewa idan na sallame ki, tsare shi za a yi har ya kawo wani?"

"Na fahimta."

"Sai ki faɗa da bakinki, magatakarda ya rubuta. Ki ce kin janye daga tsaya wa wane, ki kama sunansa."

"Na janye daga tsaya wa Yaya."

Dariya ta tashi daga benci na baya ta bi ɗakin. Har ɗan sandan da ke bakin ƙofa ya juya fuska. Wata mata ta ce, "Allah sarki," wannan kuwa ya fi dariyar ciwo.

Alƙali ya buga tebur. "Malama, na duba takardun nan daga sama har ƙasa, babu Yaya a ciki. Kowa a ɗakin nan yayan wani ne. Sunansa nake so."

"Ranka ya daɗe, magatakarda ya riga ya karanta."

"Magatakarda ba shi ya tsaya masa ba."

Sai a lokacin ta dubi akwatin. Yaya ba ita yake kallo ba. Ya ɗaga kai yana kallon fanka, kamar wanda aka bar wa ɗaki don ya ba mutum wuri ya sauya tufafi.

Ta faɗa. Gaɓa ta farko ta fito a shaƙe, alƙali ya ce bai ji ba, ta sake. Ta faɗe shi duka, da nasa da na mahaifinsu, da ƙarfi, yadda take kiran sunayen ɗalibai da safe. Sunan ya yi mata baƙo a baki, mai kauri, kamar ta tauna ƙyalle. Ta ga kafaɗar Yaya ta ɗan motsa, irin motsin wanda aka kira daga nesa.

Alƙali ya yi rubutu. "An sallami mai tsayawa daga nauyin da ke kanta. A mayar mata da takardarta. A tsare wanda ake tuhuma har ya gabatar da wani. Na gaba."

A barandar baya gandiroba yake tattara waɗanda za a tafi da su. Ya bar ta ta matso, ganin ba ta da alamar masu kururuwa.

"Kai, cire bel da agogo da igiyar takalmi," ya ce wa Yaya, bai ɗago daga abin da yake yi ba.

Yaya ya ɗaga gefen rigarsa, ya nuna wuyan hannunsa, ya nuna ƙafafunsa.

Gandiroba ya kalle shi sama da ƙasa. "Au, tsohon ɗalibi ne."

"Na taɓa yin aji ɗaya," in ji Yaya.

Ya zaro makullin shago ya miƙa wa Auta. "Mai aljanun nan zai zo da la'asar, kekensa ya tashi. Ki ce ya riƙa sa mai. Inna kuma ki ce mata na tafi ƙauye gyara, aikin da yawa. Maganinta yana kan taga, kada ki yarda ta ce miki ta sha, ki tsaya ki gani."

"Yaya..."

"Kawu ma kada ki sake wahalar da shi, gwiwarsa ba ta da lafiya. Ya zo ya gaya mini da kansa, da ƙafarsa."

Tun yaushe ya sani? Tun kafin jiya, tun kafin ƙyallen da ya juya mata a haske. Ta so ya zage ta. Ta so ya ce tir, ya ce bayan duk abin da ya yi mata. Da ya ba ta ko kalma ɗaya mai kaifi da ta sami abin da za ta riƙe ta yi kuka.

Gandiroba ya ce a tafi. Yaya ya taka, sai kuma ya waiwayo, da ɗan murmushin nan na tsokana a gefen bakinsa.

"Ashe kin san sunan, Malama."

Silifas ɗin suka yi ta tafi har suka sha kwana.

Magatakarda ya miƙo mata takardar gidan a cikin ambulan ɗin da ta kawo ta, ya nuna mata inda za ta sa hannu. "Barka," in ji shi. "Kin fita." Ta sa ambulan ɗin a jaka. Bai fi nauyin littafin rubutu ba.

Ta daɗe a bakin titin kafin ta tsallaka.

A gidan su Yaya, Inna tana zaune a inuwar baranda tana tsefe wani tsohon ɗinki, ta miƙe ƙafafu. Auta ta durƙusa ta gaishe ta, ta ɗauko maganin a kan taga, ta kawo ruwa, ta tsaya har ta ga ta haɗiye.

"Ina wannan?" in ji Inna. "Tare kuka fita, na ji."

"Ya wuce ƙauye gyara. Ya ce aikin da yawa, zai kwana biyu."

"Ƙauye."

"Eh, Inna."

Inna ta ajiye ɗinkin. Ta juya kai a hankali wajen ƙofar ɗakin Yaya, Auta ta bi idonta. Baƙaƙen takalman suna nan a bakin ƙofa, a goge, an jera su kai da kai. An naɗe bel an ɗora a kansu, agogon yana kwance a tsakiyar naɗin yana aikinsa.

Auta ta ɗauki jakarta. Ta ce mai keke zai zo da la'asar, kada ya tarar da shago a rufe. Ta kai tsakiyar gida, makullin yana cizon tafin hannunta.

"Tsaya," in ji Inna.

Ta tsaya.